Jirgin Alhaji Jafaru a Busasshen Kanal

Duk Bahaushen da ya taɓa shan shayi a Greensboro ta ƙasar Amurka ya san Alhaji Jafaru jikan wani Sarkin Ruwa ne a can ƙasar Yauri, don shi da kansa yake sanar da mutum tun ba a gama gaisawa ba. Kakan nan nasa, in ji shi, bayan kada yake hawa ya tsallaka kogi. Matarsa Hajiya Kubura kuwa ta ji labarin kakan daga bakin uwar mijinta: albasa yake sayarwa a bakin ruwa. Ta kuma san tun da suka tare a gidajen hayar nan na bayan titin Wendover, mai gidan nata bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa a wurin ninƙayar unguwar ba. In zai wuce ma jikin katanga yake raɓawa. Amma ba ta taɓa tona shi ba.

Abin da ya hana Kubura sukuni a wannan bazarar shi ne zuwan Hajiya Hindou. 'Yarsu Salwa, mai aikin jinya, ta daidaita da wani yaro mai hankali, Abdoul-Aziz, ɗan Damagaram da ke karatu a jami'a. Uwarsa ta ce ba za ta ce komai ba sai ta zo ta ga gidan da yarinyar ta fito da idonta. Kuma labari ya riga ya iso cewa ta taɓa zuwa wani gida a Yamai, ta sha ruwa, ta dubi mutanen gidan, ta ce da Faransanci, "Bon." Daga wannan kalmar maganar auren ta mutu.

Kubura ta tsara komai. Za ta yi masa da miyar taushe, ta yi dambu, ta zaunar da baƙuwa a falo. Shi kuwa Alhaji, iyakarsa ya leƙo ya yi sallama, ya wuce wurin aikinsa na sito inda yake tuƙa motar ɗaga kaya. Ba ta roƙi Allah komai a kansa ba sai wannan wucewar.

Sai ga shi ya shigo da wani ƙaton kwali a kafaɗa.

"Mene ne wannan kuma, Alhaji?"

"Jirgin ruwa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ba mutuwa aka yi ba, Hajiya. Mutanen Damagaram fa, me suka sani? Rairayi. A ce mata ta zo gidan jikan Sarkin Ruwa ta zauna a falo tana kallon labule? Akwai wani tsohon kanal can bayan gari, hanyar ruwa da aka haƙa da hannu tun zamanin da. A jikinsa akwai abin da ake kira lok. Ɗaki ne na dutse, babu rufi. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, a saki ruwa, ruwa ya ɗaga jirgi sama kamar lif. Na gani a waya. A kan ruwa za mu ci masar nan."

Bebi, ƙanwar Kubura, tana kishingiɗe a kujera tana latsa waya. Tsakaninta da mijin yayarta akwai wasa kamar yadda aka gada, ita kaɗai ce a gidan take da izinin faɗa masa abin da ta ga dama.

"Alhajin ruwa," ta ce, "wurin nan fa a bushe yake ƙayau. Rabonsa da ruwa tun kafin a haifi kakan naka mai albasa."

"Ke dai baƙin ciki zai kashe ki. Ba ke kika ce mini an janye motata ranar nan ba, na fita da gajeren wando?"

"Wancan wasa ne. Wannan gaskiya ce."

"Haka kika ce a wancan ma."

Ka ji inda abin ya lalace. Mai ikon faɗa masa gaskiya ba ya yarda da ita, waɗanda zai yarda da su kuma kunya ta ɗaure musu baki. Salwa ta bi uwarta kicin tana raɗa, "Mama, it's dry. Bidiyon da ya gani na Ingila ne." Kubura ta lallaɓa ta ce, "Alhaji, yara sun ce…" Ya ce, "Yara! Waya ce ta haife su." Ta koma ta ci gaba da jiƙa shinkafa.

Ranar Asabar tun da sassafe Alhaji ya baje jirgi a tsakiyar falo ya hau buga masa iska da famfon ƙafa. Jirgin roba ne rawaya. Yana bugawa yana haki, jirgi na kumbura, ya ture tebur, ya kifar da kaskon turaren wutar da Kubura ta kunna saboda baƙi. Da ya cika tim, Alhaji ya ɗauke shi a ka ya nufi ƙofa. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya juya shi a karkace, ya danna, jirgi ya cije, rabi a ciki rabi a waje, shi kuma yana ƙarƙashi.

A daidai nan baƙi suka hawo bene.

Abin da Hajiya Hindou ta fara gani na uban yarinyar da ɗanta ke so shi ne ƙafafu biyu cikin silifas a ƙarƙashin wani abu rawaya. Doguwar mace ce, ta naɗa lafaya fara, fuskarta ba ta nuna komai. Abdoul-Aziz kuwa, yaro mai tarbiyya, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya gaida jirgi.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau," in ji jirgi. "Ya karatu? Ɗan ja ta nan."

Ya ja. Wata maƙwabciya da ta fito da karenta ta tsaya ta taimaka da turi. Jirgi ya fita da ƙara kamar an cire murfin kwalba. Kubura ta dubi fuskar baƙuwa. Hajiya Hindou ta buɗe baki, sai Kubura ta ji ta ce, "Salamu alaikum." Ta sauke numfashi.

Aka ɗora jirgi a saman mota. Alhaji ya ɗaure shi da abin da ya kira ƙullin Sarkawa, masuntan ƙasarsu, wanda ya ce ko dorina ba ta kwance shi. Tun ba su bar Wendover ba jirgi ya fara ɗaga kai yana gaida motocin da ke bayansu. Aka zaunar da Abdoul-Aziz a gaba don shi ne namiji, ya zama shi ne ƙullin: hannunsa ɗaya a waje yana riƙe da igiya, ɗayan ya danne wayarsa a cinya, idonsa a kan tabarmar mota.

Wayar ta yi magana a hankali, ta ce a bi hagu.

"Kashe matar nan," in ji Alhaji. "Basarke ba ya tambayar hanyar ruwa. Shinshina shi nake yi."

Ya sauke gilashi, ya ja iska ta hanci, ya bi dama.

"Daddy…" in ji Salwa. Kubura ta mintsine ta.

Suka yi ta tafiya cikin gonakin bayan McLeansville, daga kwalta zuwa tsakuwa, daga tsakuwa zuwa laka. Can Alhaji ya taka burki ya daki sitiyari. "Ga shi nan! Me na ce muku?"

Wani ɗan kududdufi ne, shanu uku na tsaye a ciki har gwiwa, suna kallonsu suna tuƙa.

"Masha Allah," in ji Bebi. "Alhajin ruwa, wacce daga ciki ce mai buɗe ƙofar?"

"Reshe ne. Kowane kanal yana da reshe."

"Wannan reshen wari yake yi."

"Bebi," in ji Kubura da murmushin da ya fi kuka ciwo, "ba wa Hajiya ruwa."

Alhaji ya yi gyaran murya, yana kallon gaba ya ce, ba da kowa ba, "Matar nan ta waya ma a bar ta ta faɗi nata, kada a tauye mata haƙƙi." Abdoul-Aziz ya kunna ta ba tare da ya ɗaga kai ba.

Rana ta take tsaka suka isa. Wuri ne mai kyau, ba za a ƙi faɗa ba: manyan itatuwa, ciyawa kore shar, iyalai na yawo da kekuna, wasu tsofaffin Turawa na karanta alluna. Ga kanal ɗin ya miƙe kamar tsohon kwari. Ga lok ɗin kuma, katanga biyu na manyan duwatsu da aka jera ba siminti, zurfinsu ya kusa tsayin mutum biyu. A ƙasansa akwai ciyawa, da busasshen ganye, da wani ɗan ruwan sama da ya kwanta wanda ba zai ishi mutum alwala ba.

Kowa ya leƙa. Kubura ta ji kamar ta shige ƙarƙashin kular masa.

Alhaji ya riƙe ƙugu ya jinjina kai. "Madalla. Mun zo a daidai. Ba su saki ruwan ba tukuna."

"Sai yaushe za su saki?" in ji Bebi. "Ranar tashin ƙiyama?"

"Jahilci. Jirgi ne yake fara shiga, sannan a saki. In ba su ga jirgi ba wa za su sakar wa?" Ya juya wajen surukinsa, amma ya tsayar da ido a kan wata bishiya. "Ai masu karatu sun san haka."

Abdoul-Aziz, wanda ya karanta allon bakin hanya tun daga mota, ya dubi yatsun ƙafarsa. "Haka ne, Baba."

"Kun ji ko?"

Ya ɗora rigar hana nitsewa, ja jawur, a kan babbar rigarsa ta shadda, ya zama kamar buhun da aka ɗaure a tsakiya. Ya zura jirgi ƙasa da igiya. Ya zura filafilin tuƙi. Kafin Kubura ta ankara ya zura kulolin abinci duka biyu, masar da ta tsaya a kanta tun asuba har da miyar. Sannan ya ɗaura igiyar a jikin wani benci da ƙullin Sarkawa.

"Ni zan fara sauka. In ruwa ya ɗago ni daidai baki, sai ku tako ku shiga. Hajiya baƙuwa ce farko."

"Alhaji, don Allah," in ji Kubura ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ruwa gidanmu ne."

Ya juya baya ya fara sauka yana nishi. Ya kai rabi. Ƙullin da dorina ba ta kwancewa ya zare kansa a hankali kamar mai jin kunya. Alhaji ya tafi ƙasa da igiyarsa a hannu, ya faɗa cikin jirgi, jirgi ya cilla shi sama kaɗan ya sake karɓarsa. Hularsa ta faɗa cikin ɗan ruwan nan, ita kaɗai ce ta samu ta yi iyo.

"Haka ake sauka!" ya ɗaga murya daga ƙasa. "Saukar Sarkawa ke nan!"

Ya gyara zama, ya riƙe filafili, ya fuskanci gaba. Ya jira.

Mutane suka fara taruwa. Wani dattijo mai gajeren wando ya tambayi Salwa ko wasan kwaikwayon tarihi ake yi, ƙarfe nawa za a sake. Salwa ta ce ba ta san mutumin ba. Wayoyi suka fito. Alhaji ya ɗaga musu hannu, har ya ɗan tuƙa filafili a cikin ciyawa don su ga yadda ake yi.

"Alhajin ruwa, ka yi a hankali, igiyar ruwa ta yi ƙarfi!" in ji Bebi.

"Ki je ki gaya musu jirgi ya shiga!"

"Wa zan gaya wa? Duk sun mutu."

Yunwa ta kama direban jirgi. Ya buɗe kula ya ɗauki masa ɗaya. Nan ne aka ji wani huci daga ƙasan lok ɗin, ta ɓangaren da ƙofa ta daɗe da ruɓewa ciyayi suka rufe. Wata dinya ce ta fito, irin manyan nan masu baƙin wuya da ke tare mutane a wurin ajiye motoci. Ashe abokiyar zamanta na kwance kan ƙwai a cikin ciyayin, ita kuma tana gadi. Ta miƙe wuya, ta buɗe fukafukai, ta taho.

"Kai! Tafi can!" in ji jikan mai hawa kada. "Kur! Kur!"

Dinya ba ta jin Hausa. Ta cafke masar da ke hannunsa. Ya kai mata filafili, ta cafke filafilin. Ya tashi ya zaga jirgi, ta zaga. Ya cillo igiya sama don a kama, igiya ta dawo ta sauka a kan dinya, abin ya zama gaba. Ya manne da katanga yana kare kansa da murfin kula.

Wata tsohuwa mai kula da wurin ta iso da hular rana, ta leƙa, ta dafe ƙirji. Ta ce kowa ya kwantar da hankali, za ta kira 'yan kwana-kwana su zo da tsani.

Kubura ba ta da Turanci mai yawa, amma wannan ta gane. Ta hango jar mota da jiniya. Ta hango hoton mijinta a wayar kowace mace da ke zuwa masallacin Juma'a. Ta hango bakin Hajiya Hindou yana haɗa kalmar nan. Ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu: "No, no, please, Madam, no fire."

Sai Hajiya Hindou, wadda tun sallamar safe ba ta ƙara cewa uffan ba, ta dubi ɗanta. "Sauka."

Abdoul-Aziz ya cire takalmi ya jera su a bakin katanga, don ba a zuwa gaban suruki da takalmi ko a ramin ne. Ya rataya da hannu ya dira. Ya matsa kusa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu," in ji Alhaji daga bayan murfin kula. "Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Ya mutanen sama?"

"Suna gaisuwa."

Daga nan magana ta ƙare. Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce wa uban matar da zai aura "hau wuyana" ba. Alhaji kuma gara dinya ta cinye shi da ya ce wa suruki "ɗauke ni". Ɗaya na durƙushe yana kallon ƙasa, ɗaya na tsaye yana kallon sama, Turawa na ɗaukar hoto.

"Ku gama gaisawar mana!" in ji Bebi. "Ba ka tambaye shi kakanninsa ba!"

Dinya ce ta raba gardama. Ta zagayo ta baya, ta sami inda rigar hana nitsewa ba ta kai ba, ta kama da iyakar ƙarfinta. Alhaji ya ƙwala "Wayyo Kubura!" da muryar da ba ta taɓa jin yana da ita ba, ya yi tsalle ɗaya, sai ga shi ɗare-ɗare a wuyan Abdoul-Aziz. Yaro ya miƙe yana tangaɗi, babbar riga ta rufe masa fuska, yana cewa daga ciki, "Yi haƙuri, Baba. Yi haƙuri, Baba."

Bebi ta zura gyalenta. Kubura ta kama, Salwa ta kama, dattijo mai gajeren wando ya kama. Har Hajiya Hindou ta tattare lafaya ta kama. Aka ja, shadda ta yi ƙara ta baya, Alhaji Jafaru ya fito ya kwanta rub da ciki a kan ciyawa. Mutane suka yi tafi.

Abdoul-Aziz kuwa ya watsa wa dinya masa biyu, ya ɗora kuloli da hula a jirgi, ya ja shi ta gefen ciyayin. Ashe 'yar hanya ce a wurin, a buɗe, ko tsohuwa mai sanda za ta bi. Ya zagayo ya zo ya saka takalminsa.

Kubura ta zauna a benci, ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi ke nan. Ta fara tunanin yadda za ta lallashi Salwa. Ta ji an zauna kusa da ita, ta ji bencin na girgiza. Ta leƙo. Hajiya Hindou ce ta toshe baki da gefen lafaya, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa.

"Bon," in ji Hajiya Hindou.

Kubura ta runtse ido.

"Hajiya, tun safe kin san babu ruwa a wurin nan?"

"Na sani."

"Shekara nawa kina tare da shi?"

"Tun ina yarinya."

"Ba ki gudu ba, ba ki tona shi ba." Ta share ido. "Walahi 'yar da kika raina nake so. Yaron nan kuma ya riga ya ɗauki uban a wuya a gaban Nasara, ɗaukar 'yar ba za ta yi masa nauyi ba. Ku sa rana. Abu ɗaya na roƙa: ranar biki kada a bar Alhaji ya shirya ko kujera."

Kubura ta kama hannunta ta riƙe gam.

Alhaji na can zaune a gefen mazauni ɗaya, ya naɗe gyalen Bebi a ƙugu, yana cin masar da dinya ta rage. Da labari ya kai masa sai ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa.

"To, ai dama abin da na shirya ke nan. Al'adarmu ce. Basarke ba ya ba da 'ya sai ya gwada wuyan yaro. Ya ci jarrabawa."

"Ita dinyar fa?" in ji Bebi. "Ita ma cikin danginku take?"

Bai kula ta ba. Ya dafa jirgin da ke gefensa yana shafawa. "Kuma ranar kai amarya ba mota za a shiga ba. Akwai wani tafki na gani a waya…"

Kubura ta miƙe a hankali. Ta zagaya bayan jirgi kamar mai tattara kwanuka, ta zare allurar da ta maƙale mayafinta, ta yi bismillah.

"Wannan ƙarar fa ta mece ce?" in ji Alhaji, yana waige-waige.

"Ruwan ne, Alhaji," in ji Kubura. "Sun saki."